Bangon Milka da Ba a Gama Yaɓewa Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, a bar surutu.

Ta zo mu ji ta, mun yi shiru.

Yahudawa ne suka saɓa wa Allah, sai yaƙi ya ci garinsu, aka kwashe su zuwa wata ƙasa mai nisa. Amma a cikin littafinsu Allah ya yi musu alkawari cewa fushinsa ba zai dawwama ba, zai ji ƙansu, ya mai da su gida. Don kada su manta, duk wanda ya gina ɗaki sai ya bar wani wuri a bango kamar faɗin faifai, ba yaɓe.

Shekaru suka ja. Mutum kuwa da ya ƙoshi sai mantuwa, abin haushi. Ɗaya bayan ɗaya suka yaɓe nasu, har da zane. Saura wata tsohuwa mai zafin rai, sunanta Milka. Maƙwabciyarta Zilfa kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, har yanzu jiran ake?"

Kowace safiya Milka sai ta tsaya gaban wurin nan ta kai kukanta da ƙarfi: "Ya Ubangiji, Kai ka ce za ka mai da mu. Haƙorana sun zube. A ƙasar wasu za a binne ni?"

Ashe Zanzaro yana ji, yana kuma kwaɗayin wurin don ya kafa gidansa. Sai ya zo da laka a baki ya ce, "Iya, bari in toshe miki, damina ta kusa."

Ta ce, "Wuce."

Ya sake dawowa ya ce, "Iya, dariya ake yi miki a gari."

Ta ce, "Su yi ta yi."

Karo na uku ya ce, "Iya, ni fa ina jin faɗan da kike yi. Tunda kin fusata, ai kin fid da rai ke nan."

Sai ta ɗauki tsintsiya ta ce, "Kai marar kunya! Da na fid da rai, wa zan tsaya ina kira?" Ta kai masa duka, ya tsere. Amma munafukin sai ya zagaya ta ƙarƙashin indararo ya maƙala gidansa.

Damina ta sauka. Ruwa ya yi ta shiga ta wurin da ba yaɓe, har wata safiya bangon ya rufta, ya tafi da gidan Zanzaro. Milka ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta zauna gindin bishiya, ranta a ɓace.

Tana nan zaune sai ga mai shela da ganga: "An buɗe ƙofa. Yahudawa su koma garinsu."

Kayanta a ɗaure suke, sai ta zama ta farko a hanya. Can ta waiga, sai ta ga ayari a bayanta, duk waɗanda suka yaɓe bangonsu ne, har da Zilfa, goye da ɗa, riƙe da wani.

Milka ta tare mai shela ta ce, "Har da su? Ni kaɗai na jira. Su fa sun manta."

Ya ce, "Iya, kowa aka ce. Su ne suka manta, Shi bai manta ba."

Ta yi tsaki, ta yi gaba. Zilfa na tafe tana haki, kunya ta hana ta ɗaga kai. Da suka kai hawan tudu, Milka ta juyo a fusace ta ce, "Ke, miƙo mini yaron nan, kina ja mana baya." Ta goya shi, tana tafiya tana mita har ƙofar garinsu.

To kun ji. Jinƙan Allah ba da mudun ɗan Adam ake aunawa ba, ko da ran mai jira zai ɓaci.

Ƙurunƙus, kan zanzaro.