Ƙunshin da Surukar Sallau Ta Hana Shiga Gida

Akwai wani mutum a Matameye mai suna Sallau, zamanin da Nasaran Faransa ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Rake yake nomawa a fadama, ba shi da wata sarauta. Amma wata rana Kumandan, babban Nasaran yankin, ya biyo ta garin, aka rasa mai riƙe masa doki, Sallau ya riƙe. Tun daga ranar babu hirar da za a yi bai sako Kumandan a ciki ba.

Matarsa Mairama ta haifi ɗa namiji. Uwarta, Baiwa, ta zo daga Yauri don ta yi mata wankan jego.

Ku yaran yanzu da kuke zama tabarma ɗaya da surukanku ba za ku gane ba. A lokacin nan suruka da mijin 'yarta ba sa haɗa ido. Ba ta kiran sunansa, ba ya yi mata magana kai tsaye, in ya hango ta a hanya sai ya sake hanya.

Ana cikin shirin suna sai ga mai ɗaukar wasiƙun Nasara a ƙofar gida. Ya rataye wani ƙunshi can a bakin sandarsa, an naɗe shi da tsohuwar fata, an ɗaɗɗaure da igiya kamar ɓarawon da aka kama. Da sandar ya sauke shi, bai sa hannu ba.

Sallau ya ce, "Daga wa?"

"Ni ma miƙo mini aka yi a Kance. An ce a kai wa Sallau mai rake."

"Wa ya miƙo maka?"

"Wani ne. Shi ma wani ya ba shi."

Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya yi gaba.

Sallau ya shafa gemu ya dubi mazan da ke zaune a gindin bishiya. Ya ce, "Na gaya muku Kumandan ba ya mantuwa."

Baiwa tana bayan zana tana hura wutar ruwan jego, duk ta ji, ta kuma leƙa ta gani. Tunda ba dama ta yi masa magana, sai ta juya ga akuyar da ke ɗaure kusa da ita, ta ɗaga murya.

"Ke akuya, kin taɓa ganin kyautar arziki da mai kawo ta yake gudunta? Ba a san mai aikowa ba, ga tabo a jiki, ga wari har nan. A bar shi inda yake, a kira mai gari. Gidan nan akwai jinjiri."

Sallau ya gyara murya, ya juya ga jakinsa.

"Kai jaki, gaya wa manya su yi haƙuri. Harkar Nasara ce, ba kowa ya san ta ba. Ƙamshin turarensu ne."

"Akuya, in wannan turare ne, to mushe ma wanka ya yi."

Sallau ya jawo ƙunshin gabansa. Ya sa wuƙa ya yanke igiya. Babbar riga ce shuɗiya, mai aiki har ciki. Ya sunsuna ta, ya kakkaɓe, ƙura ta tashi ta bi masa hanci, ya zura ta a wuya.

Maza suka taso za su taɓa su sa albarka, kamar yadda ake yi in an yi wa mutum kyauta. Ya ja da baya.

"Ku tsaya daga nan ku kalla da ido. Hannun noma ba ya taɓa kayan Kumandan."

Wannan girman kan ne ya cece su, ba wayonsu ba.

Sai ya juya zai shiga gida don Mairama ta gan shi, ya kuma ɗauki ɗansa yana sanye da rigar. Ya iske Baiwa zaune a tsakiyar ƙofar zaure, ta ba shi baya, ta miƙe ƙafafu daga wannan bango zuwa wancan, tana ɓarar gyaɗa. Har akuyar ta jawo ta ɗaure a gefenta.

Wane ɗa ne zai tsallake ƙafar surukarsa? Ya yi sallama. Ya yi tari. Ya sake sallama.

Ta ce, "Akuya, yau nan iska ta fi daɗi. Ina jin nan zan yini."

Ya leƙa katanga ta baya. Amma mutum da babbar riga ya haura katangar gidansa a gaban jama'a? Ya dawo ya tsaya yana gyara hannun riga, wai dama shan iska yake.

Yana nan tsaye sai ga Muntaka ɗan koli, mutumin Kurni, ya biyo da kayansa a ka. Ya dubi rigar, ya ja ya tsaya daga nesa.

"Sallau, ashe gadon ya iso."

"Wane gado? Kumandan ne ya aiko."

"Wane Kumandan? Rigar Manu ce, ɗan baffanka na Kurni. Ba a aiko maka da rasuwar ba? Agana ce, cutar ƙurajen nan mai yaɗuwa, ta kashe shi, kuma a cikin rigar nan ya yi jinya, ya ce sanyi yake ji. 'Yan gidan sun ji tsoron taɓa ta, sun kuma ji tsoron cin haƙƙinka, shi ne suka tura ta cikin fata da sanda suka aiko."

Kafin ya rufe baki gindin bishiya ya watse. Takalma kawai aka bari a bakin tabarma.

Sallau ya kama riga zai cire, ta maƙale masa a ka. Yana laluben hanya, yana kiran Mairama ta kawo ruwa, ya nufi zaure a guje.

Nan Baiwa ta miƙe. Ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura auren.

Ta ce, "Sallau. Tsaya nan."

Ya tsaya kamar an kafa shi.

"Cire ta a hankali, kada ka ƙara kakkaɓewa. Tara ta da fatar da igiyar, ka sa wuta. Ga toka ga sabulun salo nan zan turo maka, ka wanke har cikin farce. Daga nan ka wuce bukkarka ta fadama. Ƙofar nan ba taka ba ce sai na ce."

"Iya, sunan fa?"

"Suna ba ya buƙatar hancinka."

Aka sanar da mai gari, ya hana kowa zuwa fadamar. Ƙanen Sallau ne ya tsaya aka raɗa wa yaro suna Idrisa. Mai gida yana cikin rake yana jin guɗa daga nesa.

Ana cewa ko ya tsira, sai zazzaɓi ya kayar da shi, ƙuraje suka feso. Babu mai yarda ya kai masa ko kunu. Baiwa ta yi agana tana yarinya, wanda ya yi ta kuwa ba ta sake kama shi. Ta damƙa wankan jego a hannun wata maƙwabciya, ta ɗauki tukunya ta koma fadama, ba ta sake taka gidan ba.

Haka mutumin Kumandan ya kwanta, surukarsa tana ɗura masa kunu a baki, ta kawar da kai gefe, shi kuma ya rufe ido don kunya. Ya taɓa gaya wa abokansa cewa ciwon bai kai wannan kunyar zafi ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Da ɓawon ƙurajen ya gama zuba, ta sa wa bukkar wuta da duk abin da ke ciki, kowa ya yi wanka, aka ajiye musu wasu tufafi daga nesa.

Sallau ya shigo gida a rame, fuska duk zanzana. Mairama ta miƙa masa Idrisa, ya yi ɓul-ɓul, har ya fara dariya.

Ta ce, "Duba fatarsa. Ko ƙurji ɗaya babu."

Ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya durƙusa ta wajen da Baiwa take, ya ce, "Iya, na gode."

Ta ce, "Riƙe masa wuya da kyau."

Darasi: Kayan da ba ka san wanda ya aiko ba, ko ka ga tabo, ko gari, ko wari a jikinsa, ba naka ba ne tukuna. Kada ka buɗe, kada ka sunsuna, kada ka kakkaɓe, kada ka shigar da shi inda yara suke. Bar shi a wurin, ka wanke hannu da sabulu, ka kira hukuma da likita. In kuma tsohuwa ta ce a tsaya, a tsaya. Ku isar da wannan ga 'yan uwa, musamman masu saurin cewa wani babba ne ya tuna da su.