Jingar Gafiya a Kan Marmara

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, muna ji.

Kura ta kira Gafiya mai haƙa, ta ce, "Nawa za ki haƙa min rijiya?"

Gafiya ta ga rairayi mai laushi, ga 'ya'ya da yunwa. Ta ce, "Mudun gyaɗa, ranki ya daɗe."

Ashe Kura ce ta zuba rairayin a kan marmara. Gafiya ta haƙa har faratanta suka yi jini. Ta ce, "A duba ni mana."

Kura ta ce, "Jinga jinga ce."

Baiwar Allah ta gama, hannu ya kasa ɗaukar mudu. Kura ta biya ta, a kumatu ta kai wa 'ya'yanta gyaɗar. Shi ya sa har yau a kumatu gafiya take dako.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa rijiya!