Kofur Mai Rabin Doka

An yi wani mutum, kofur ɗin 'yan sanda, wanda ya gaji da tsayuwa a ƙofar mutane. Doka ta ce in wanda ake nema yana cikin gida, ya nemi a buɗe masa. In an hana, ya karya. Shi kuwa ya haddace rabin ƙarshe ya bar na farko, kamar mai karanta rabin aya ya rufe littafi. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, wai takalminsa ne ke yi masa sallama. Matarsa ta sha gaya masa bayan kowace ƙofa akwai mutum. Ya ce ashe lauya ya aura bai sani ba.

Wata rana da hantsi shi da abokan aikinsa suka biyo ɓarawon babur, ya ɓace musu a wani gidan haya mai ɗakuna a jere. Kofur ya ga labule ya motsa a tagar ɗakin ƙarshe. Ya ja da baya, ya sa wa ƙofar ƙafa.

Ƙofar ba a kulle take ba. Ɓarawo ma ba ya ciki. Wata tsohuwa ce durƙushe a bayan ƙofar, tana laluben allurar da ta faɗi wa mijinta tela. Sakatar ƙarfe ta same ta a ka.

Tsohon telan, da ke zaune a ɗakin, bai yi ihu ba. Ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, da ka ƙwanƙwasa ai da ta buɗe maka. Har ruwa za ta ba ka."

Kafin la'asar tsohuwar ta cika.

A gaban alƙali tambaya ɗaya ce: ya nemi a buɗe? Masu yi masa dariya jiya duk suka ce suna baya, ba su ji komai ba. Aka tuɓe masa kaki, aka ɗaure shi. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta.

Ya 'yan uwa, mun gaji da jin "ai doka ta ba ni dama." Wane iko aka taɓa ba ɗan Adam babu sharaɗi a gindinsa? Uba ne kai ko mai gidan haya, sharaɗin nan da kake tsallakewa don sauri, ran wani ne a ciki. Kofur zai fito wata rana. Tela kuwa har yau yakan juyo zai yi wa matarsa magana, sai ya tuna.

Allah ya kiyaye mu da ikon da ya fi hankalinmu, ya kuma kiyaye bayinsa daga gaggawarmu.