Mushe Istifanus da Jiƙaƙƙen Buhu

"Ni na koya miki riƙe alli, Na'omi. Yau ke ce za ki zaunar da ni ki ce in ɗauki ma'aikata?"

"Baba, ban ce ni za ka ɗauka ba. Ka ɗauki ko wane ne, in dai ya san aikin. Injinan nan ba allon aji ba ne da za a goge da tsumma."

"Bon, bon, bon," in ji shi, yana ture tabarau da ɗan yatsa zuwa saman hanci. Duk wanda ya san shi ya san in ya jera bon uku, kunnensa ya rufe ke nan.

Wannan shi ne Mushe Istifanus (Mushe lakabin malaman boko ne a wurinmu), ƙanen mahaifiyata, wanda nake kira Tonton, nake kuma yi wa aikin sakatariya. Mutumin Dogon Dutsi ne. Ya daɗe yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye alli sai ya sayi tsohuwar kamyo, ya yi ta dakon kaya har motocin suka yi yawa, ya buɗe buro, wato ofis, a unguwar Yantala ta birnin Yamai. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya fashin majami'a. Aibinsa ɗaya ne: ba ya yarda a ce wani ya san abin da shi bai sani ba, balle wanda ya girma a gabansa. A ganinsa kuwa rabin Yamai a gabansa suka girma. Na'omi ita ce ƴarsa tilo, ta gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, ta dawo gida. Tun rasuwar matarsa Tanti Kande, su biyu suka rage a gidan.

Shekarar ita ce wadda damina ta yaudari manoma, gero ya bushe tun bai fid da kai ba, sannan sojoji suka karɓi mulki kafin sanyi ya gama tafiya. Mutanen karkara sun cika gari suna kwana a kangaye. Dakon amfanin gona ya tsaya, domin babu amfanin. Abin da ke riƙe da kamfanin Tonton shi ne kwangilar wata ƙungiyar agaji, ta kai hatsi ƙauyukan arewacin Tillaberi. Sharaɗin ƙungiyar shi ne duk motar da ta tashi da duk ƙauyen da ya karɓa su shiga ordinatar, a riƙa aika musu bayani ta intanet. In bayani ya tsaya, kwangila ta tsaya. Na'omi ce ta shirya komai cikin babban inji ɗaya da ke kusurwar buro, sauran ƙananan duk daga gare shi suke sha.

Abin da ta roƙa a ranar rigimar ba mai yawa ba ne. Ta ce kamfani irin wannan yana bukatar hannu uku. Mai kula da lafiyar injinan, wanda zai san ciwonsu tun bai yi nisa ba. Mai kula da rezo, wato igiyoyi da akwatunan da ke haɗa su da intanet. Sai mai tsaron bayanai, wanda zai kare su daga birus, cutar da ke shiga inji, ya kuma riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam. Ta ce ko mutum biyu ma za su iya raba aikin, amma a ce babu kowa, wannan ganganci ne.

Tonton ya amsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gyaran jarrabawa. Batun lafiya, ya ce shi ya taɓa kwance rediyo ya mayar, kusa ɗaya ce kawai ta yi saura. Batun rezo, ya ce igiya igiya ce, ko akuya ta san wannan. Batun tsaro, ya nuna maigadi ta taga, ya tambaya ko birus ɗin ya fi ƙarfin mutum mai takobi. Kwafi kuwa, ya buga goshinsa da yatsa.

"Yana nan ciki."

Bayan ƴan kwanaki Na'omi ta samu aiki a wani kamfani, ta kama ɗaki a Harobanda, can ƙetaren kogi. Ranar da za ta tafi ta durƙusa ta yi masa sallama. Ya ce ta gai da mutanen ƙetare, kamar wadda za ta bar ƙasar, alhali gada ce kawai tsakaninsu.

Da farko abin dariya ne. Da rana direbobi kan taru a gindin bishiyar bedi ta ƙofar buro suna shan shayi, su ce in yi musu Mushe, ni kuwa in ture tabaran da ba ni da shi in jera bon uku, su yi ta faɗuwa. Shi yana ciki shi kaɗai, yana latsa maɓalli da yatsa ɗaya, yana yi wa inji faɗa da Faransancin aji. Abincinsa ma a buro yake ci yanzu, domin ya ce gida ya yi faɗi. Ran Lahadi yana zama a bencinsa na gaba a majami'a, ya ɗora littafin waƙa a gurbin da Na'omi ke zama, don kada wani ya zauna.

Sai ƙananan abubuwa suka fara. Wani direba, Abdulaye, ya soka kile ɗinsa, ƴar na'urar da yake ajiye waƙoƙi, a ɗaya daga cikin injinan, washegari injinan duk suka koma tafiyar tsofaffi. Tonton ya ce kasala ce irin ta kayan zamani. Intanet ta riƙa yankewa, ya riƙa marin akwatin da tafin hannu, in ta ƙi dawowa ya tura ni gari a motar haya ta faba-faba in nemi inda zan aika bayani. Ƙungiyar ta yi gargaɗi a kan jinkiri. Na ce masa ko a kira Na'omi ta duba mana. Ya tambaye ni ko ni ma ya koya mini riƙe alli. Ya koya mini, don haka na koma kan aikina.

Wani lokaci da yamma, in an tashi aiki, yakan ce Abdulaye ya bi da shi ta bakin kogi. Ruwan ya janye har yara na taka yashi a tsakiya. Yakan tsaya yana kallon ƙetare, ya ce yana auna yadda fari ya ci kogin ne. Ba ya taɓa cewa a hau gadar.

Bazara ta shigo da zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, a cikin haka kilim ɗin buro, na'urar sanyaya ɗaki, ta mutu. Babban inji ya fara kashe kansa da tsakar rana, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke. Wanda ya san aikin da ya ce a kashe shi a lokacin zafi, a buɗe masa iska, a kwashe abin da ke ciki tun da wuri. Amma babu wanda ya san aikin, sai Tonton, wanda ya san kimiyya.

Ya tara mu ya yi mana darasi. Ya ce mu dubi jarkar direbobi, wadda suke ɗinke wa buhu su jiƙa, su rataye a jikin mota, ruwa ya yi sanyi ko a hanyar Wallam. Ya ce wannan ilimi ne da ya koyar a aji shekara da shekaru, kuma abin da ya sanyaya jarka zai sanyaya inji. Ya sa aka kawo buhun algarara, aka tsoma a bokiti, ya naɗe babban inji da hannunsa, ya ɗaure da igiya tsaf, bai bar ko ƙofar iska ba. Abdulaye ya ce, "Mushe, ba da wuta yake aiki ba?" Tonton ya ce ita ma mota da wuta take tashi, kuma ana wanke ta.

Da ya taɓa buhu ya ji sanyi, sai fuskarsa ta washe. Rabon da in ga haka tun tafiyar Na'omi. Da buhun ya fara bushewa, ya ɗauko moɗa ya ƙara masa ruwa a hankali, kamar mai ban ruwan shuka. A moɗa ta gaba ne aka ji wani ɗan ƙara, tas. Wari ya tashi kamar an ƙona roba, hayaƙi ya ɓullo ta ƙarƙashin buhu, fuskokin ƙananan injinan duka suka yi baƙi.

Komai ya tafi. Wace mota ta je wane ƙauye, wa ya karɓa, ina ya rage a kai, babu kwafi ko ɗaya. Tonton ya zauna zai fid da su daga goshinsa, ya faɗi ƙauyuka kaɗan, ya maimaita ɗaya sau biyu, ya tsaya. Ƙungiyar ta jira iyakar abin da za ta iya, amma mutane na jin yunwa a can, ba za a bar hatsi a sito don ana jiran tunanin mutum ɗaya ba. Suka ba wani kamfani aikin. Akwai ƙauyukan da rabonsu ya yi jinkiri saboda wannan, kuma wannan ne ya fi damuna har yau.

Direbobi suka bi motocin wasu kamfanoni da ke tafiya. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka ajiye makulli, suka yi godiya, suka fita. Gindin bedi ya zama wayam, kaskon shayi ya kife. Wata rana na jera bon uku ni kaɗai a bakin ƙofa, babu wanda ya yi dariya, ni ma ban yi ba.

Ni na kira Na'omi. Ta zo da la'asar, ta gai da shi, ya amsa yana kallon bango. Ta kwance injin a gabansa, ta karkata shi, ragowar ruwa mai tsatsa ya zubo a siminti. Ta duba abin da ke riƙe bayanai ta daɗe, ta girgiza kai. Ba ta yi masa gori ba. Ta ce in ya yarda, ta san mutane biyu masu hankali da za a ɗauka, a sake farawa da motocin da suka rage, ita ma za ta riƙa leƙowa, har ta dawo gida in yana so. Kalma ɗaya take jira. Ta matso kusa da kujerarsa.

"Baba, ai yanzu ka ga inda kuskuren yake."

Ya ture tabarau, ya daɗe yana kallon ruwan da ke ƙasa.

"Na gani," in ji shi. "Ruwan famfo kuka ɗebo mini. Da na randa ne, da bai mutu ba."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk mai sana'ar da ya ɗora abincinsa a kan ordinatar, dole ya nemi waɗanda suka san ta: mai kula da lafiyar injin, mai kula da rezo, da mai tsare bayanai yana ajiye kwafi. A ɗauke su tun abubuwa na tafiya daidai, domin ranar da hayaƙi ya tashi babu abin da za su iya ceto. Sanin wani fanni ba ya sa mutum ya san kowane fanni, kuma ba ƙasƙanci ba ne babba ya saurari wanda ya yi renonsa da hannunsa. Girman kai ya raba Mushe Istifanus da kwangilarsa da ma'aikatansa, ya kuma bar shi shi kaɗai a lokacin da ƴarsa ke tsaye a gabansa tana jiran ya ce ta dawo.