Baƙon Ƙuda a Bayan Saniyar Hansai

Ga ta nan, ga ta nanku, kuma in na ji surutu zan tsaya.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wata mata mai suna Hansai. Saniya ɗaya gare ta, da nononta take ciyar da gidanta. Wata safiya tana tatsa, sai wani ƙuda ja, mai dogayen ƙafafu, irin wanda ba ta taɓa gani ba, ya sauka a bayan saniyar. Ta kama shi cikin ƙoƙo, ta rufe da faifai.

Dila yana wucewa, ya leƙa. Ya ce, "Baiwar Allah, tsando ne, mai kashe shanu. A yanka saniyar nan kafin rana ta faɗi, kada ta mutu mushe. Naman ma ba ya ciwuwa, ni zan taimaka miki in binne."

Ƙuda ya ce daga cikin ƙoƙo, "Ni ba tsando ba ne."

Dila ya ce, "Kowane tsando haka yake cewa."

Amma Hansai ta ce sai ta tambaya tukuna. Ta ɗauki ƙoƙo, Dila ya bi ta da wuƙa.

Ta iske Balbela. "Balbela, Balbela, wa ke cikin ƙoƙona?"

Balbela ta ce, "Duk ƙudan da ke bin shanu na ci kakansa. Wannan ban san gidansu ba. Je ki wurin Kwaɗo."

"Kwaɗo, Kwaɗo, wa ke cikin ƙoƙona?"

Kwaɗo ya ce, "Tsando maƙwabcina ne. Ba ya rabuwa da inuwar kurmi, in ya sauka kuma yakan ɗora fiffike kan fiffike kamar almakashi. Wannan ya baje nasa. Amma sunansa, sai Shamuwa mai yawon ƙasashe."

Dila ya ce, "Rana fa tana tafiya."

Da la'asar ta sami Shamuwa kan tsamiya. "Shamuwa, Shamuwa, wa ke cikin ƙoƙona?"

Shamuwa ta sauko, ta duba, ta yi dariya. "Kai, me ya kawo ka nan?"

Ƙuda ya ce, "Iska ce ta kwaso ni, Yaya. Gajiya na yi na zauna."

Shamuwa ta ce, "Hansai, ƙudan kanya ne. Daga duwatsun kudu zuwa inda itatuwan kanya suka ƙare, nan ce ƙasarsu. Ban taɓa ganin ɗayansu ya ƙetare kogin nan ba sai yau. Ba shi da bakin cizo, zaƙin 'ya'yan itace yake lasa."

Hansai ta zauna daɓas, ta yi ajiyar zuciya. Ta ɗaga faifai, ƙuda ya miƙe kudu.

Dila ya ce, "Ai duk danginsu ɗaya."

Hansai ta ce, "To, shiga kurmi ka kamo mini tsandon gaske. In sun yi kama, saniya taka ce."

Kwaɗayi ya ja shi ya shiga. Tsando suka rufe shi, suka ba shi ciwon barci. Shi ya sa har gobe Dila yake wuni kwance.

Hansai ta koma gida ta ƙarasa tatsarta.

Ku ji da kyau: abin da ba ku sani ba, ku tambayi wanda ya san inda yake zaune. Mai gaggauta ku da wuƙa a hannu, cikinsa yake wa aiki.

Ƙurunƙus, iyakarta ke nan, kada wani ya ce in ƙara.