Shaidar Gaiwa a Tafkin Marke

An ce wai a wani zamani an yi wani masunci a garin Rimin Gata, ana kiransa Anaruwa. Bai gaji gona ba, bai gaji garke ba. Abin da ubansa ya bar masa shi ne koma da gora, da ikon kamun kifi a tafkin Marke. Al'adar garin kuwa ita ce, duk inda ruwan tafki yake kwanciya da damina na masunta ne, daga bakin ruwa zuwa tudu na manoma ne.

Ana nan sai Allah ya kawo fari, damina biyu a jere. Tafki ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage. Masunta suka watse neman abin kai wa baka, aka bar Anaruwa shi kaɗai yana tufkar igiya don ya ciyar da iyalinsa.

To, akwai wani attajirin manomi mai suna Cindo, wanda gonarsa ta yi iyaka da tafkin. Irin mutanen nan ne da in sun ga fili babu mai shi tsaye a kai, sai barci ya gagare su. Ya yi ta matso da shingensa har ya cinye rabin tafkin, ya kuma tara jakuna za a cike wurin da ƙasar tudu. Anaruwa ya san in aka cike, ko ruwa ya dawo ba shi da wurin kwanciya, gadon gidansu ya ƙare ke nan. Sai ya kai ƙara gaban Alƙali Mu'allayiɗi.

Cindo ya zo da shaidu, duk mutanen da hatsinsa ya raya cikin yunwa, suka ce wurin tudu ne tun fil azal. Alƙali ya juya ya ce, "Anaruwa, ina naka shaidun?"

Anaruwa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, waɗanda suka san bakin ruwan nan yunwa ta kore su. Waɗanda suka rage kuwa tuwon Cindo ne a cikinsu, ni ban ma ga laifinsu ba."

Alƙali ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ba a yanke shari'ar ƙasa daga kan buzu. Ku tashi mu je."

Da suka isa cikin shingen, alƙali ya riƙa tafiya kansa a sunkuye kamar wanda allura ta faɗi masa. Anaruwa na biye da shi, zuciyarsa cike da baƙin ciki, don bai ga abin da busasshiyar ƙasa za ta faɗa ba. Can alƙali ya tsaya ya ce, "Cindo, ka tabbata ruwa bai taɓa kwanciya a nan ba?"

Cindo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nan ko raɓa ba ta daɗewa."

Alƙali ya nuna wata 'yar ƙofa a ƙasa, wadda ko ɗan yatsa da ƙyar zai shige ta. Ya sa aka haƙa kewaye da ita a hankali, aka ɗago hogen ƙasa ɗungurungum, aka sa a kwatarniya, aka zuba ruwa. Nan take Anaruwa ya gane. Shi da ya tsufa a sana'ar su, ɓacin rai ya mantar da shi abin da ya sani tun yana yaro.

Aka zauna ana jira. Hoge ya jiƙa, ya narke, sai ga wani abu yana motsi. Gaiwa ce, a rame, ta warware jikinta, ta ɗago kai ta shaƙi iska. Jama'a suka ɗauki salati.

Alƙali ya ce, "Ku dubi wannan baiwar Allah. Da ta ga ruwa zai tafi, ba ta bi shi ba. Ta nutsa cikin taɓo tun yana da laushi, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ƙofar numfashi, ta kwanta jiran alƙawarin Ubangijinta. Ba ta da ƙafar hawa tudu, ba ta kuma ci tuwon kowa ba. Cindo, ko kai ka shuka ta?"

Cindo ya sunkuyar da kai, shaidunsa suka fara sulalewa.

Alƙali ya ce, "Ku bi sauran ƙofofi irin wannan, inda suka ƙare nan ne iyaka. Shinge ya koma tudu. Kada kuma a sake tono ko ɗaya, masu gida ne suke barci."

Anaruwa ya ɗauki kwatarniyar zuwa gida, ya yi ta kiwon gaiwar, ko da yake rabon tukunyarsa da nama ya daɗe. Da damina ta dawo, tafki ya cika ya tsaya daidai inda aka kafa sabon shinge. Anaruwa ya kai gaiwar da hannunsa ya sake ta, yana hawaye.

Saboda haka, kada busasshiyar ƙasa ta ruɗi mai kwaɗayi. Mai haƙƙin da ya iya jira, ranar da ruwa ya taɓa shi zai tashi ya ba da shaida.