Izinin Wuce Danja Uku

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan namu na Cape Town. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan, wasunsu ma kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa a sahu. Na san shi tun yana saurayi, lokacin da muke aikin juya wa jirage layi tare a farfajiyar jiragen ƙasa ta Salt River, na girme shi da shekara tara.

Mutumin nan ba ya shan giya. Ba ya neman mata. Ban taɓa jin an ce ya ɗauki ko ƙusa ɗaya ta hukuma ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya gyara zama ya ce labarin ɓarayi ne, shi bai shafe shi ba.

Yana da kai, wannan ba a musu. Ni a aji biyar na tsaya, shi kuwa ya yi ta karatun yamma. Daga juya layi ya koma ɗakin waya, inda ake ba jirage izinin tafiya, daga can kuma ya hau bene, ofis mai kafet.

Duk wanda ya ci abinci a hukumar jirgin nan ya san halinta. Kowane sabon minista da kwamitinsa yake zuwa. Kwamiti ya kori shugaba ya ɗora nasa. Kafin masu shara su haddace sunan sabon, an sauya minista, an koma farko. Har ta kai mai rataye hoton shugaba ya daina buga ƙusa, sai ya jingina shi a kan kabad.

Kuma ba a tabbatar da kowa a kujerarsa. Kowa riƙon ƙwarya yake yi. Kada ku ɗauka sakaci ne, dabara ce. Wanda aka tabbatar, sai an sha shari'a kafin a tsige shi. Mai riƙon ƙwarya kuwa, waya ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa kullum kunnensa yana sama, ba ya jin abin da ke ƙasa.

To, aka ba mutuminmu riƙon ƙwaryar shugabancin zirga-zirgar jirage. Duk wata uku a sabunta. Ya shekara biyu a haka. Abu ɗaya yake so a duniya, takardar da za ta ce kujerar nan tasa ce. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

A lokacin ɓarayi sun tone wayoyin layin da ke zuwa unguwanninmu na talakawa, danjoji duk sun mutu. Ga waɗanda ba su sani ba, danja ita ce idon direba. Jirgi ba mota ba ne, ba ya kaucewa, ba ya tsayawa nan take. In danja ta mutu akwai ƙa'ida, kuma ba malaman jami'a suka ƙirƙiro ta ba, jinin waɗanda suka riga mu ne ya rubuta ta. Direba zai tsaya a kowace danja. Ya kira ɗakin waya. Mai ɗakin waya ya duba ya tabbata ba jirgi a gaba, ya ba shi lamba. Direba ya maimaita lambar, kowa ya rubuta, sannan ya lallaɓa zuwa danja ta gaba, ya sake tsayawa. Danja ɗaya, izini ɗaya.

Abin yana da ban haushi, ban ɓoye muku ba. Tafiyar minti arba'in sai ta ci awa biyu. Mata masu aikin gidaje suna makara, ana yanke musu albashi, ana korarsu. Mutane suna zagin direbobi ta taga. Wahalar gaske ce.

Sai zaɓe ya matso.

Shugaban kwamiti a lokacin wani ɗan jam'iyya ne, Mista Somdaka. Mutum mai fara'a, mai tuna sunan matar kowa. Bai san bambancin danja da fitilar titi ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Ya kira mutuminmu, ba a ofis ba, a wajen ajiye motoci, ya dafa kafaɗarsa.

"Kwamared, ka rame fa. Madam ba ta ba ka abinci ne?"

"Aiki ne, shugaba."

"Aikin nan dai. Minista yana son ƙarin jirage goma da safe, kuma su iso a kan lokaci. Sati shida ya rage. Ni ɗan siyasa ne, kai ne gwani. Ba zan koya maka aikinka ba."

"Shugaba, ba danja a layin."

"Na sani, na sani. Amma mutum irinka ba ya rasa dabara. Af, takardarka tana kan teburina. Biro kawai nake nema."

Ya yi dariya, ya shiga mota. Ku lura da kyau. Bai ce a karya ƙa'ida ba. Bai rubuta komai ba. Irinsu ba sa rubutawa. Yunwarka suke dubawa, su ajiye abinci inda kake hangowa, sauran kai za ka ƙarasa da kanka.

Mutuminmu ya zauna ya yi lissafi, kuma lissafin ya fita. In aka ba direba izinin wuce danja uku a kira ɗaya, aka bar maimaita lamba, tafiya za ta ragu da rabi. Ya sauko ɗakin waya ya sanar.

A ɗakin akwai wata mata, Sisi Nomakhaya, shekararta ashirin da biyu a kan kujerar. Ita ta koya masa aikin lokacin da ya fara. Ta cire abin sauraro daga kunnenta ta dube shi.

"Uku a kira ɗaya? In wani ya tsaya a tsakani fa, wa zai gaya min, mala'ika?"

"Direban da ya tsaya zai kira, Sisi."

"Da wace waya? Wadda ba ta kamawa a kwanar bayan maƙabarta? Kai ma ka zauna a kujerar nan. Ko hawa bene yana goge ƙwaƙwalwa ne?"

Ya ce umarni ne daga sama.

"To, rubuta min," in ji ta. "Ka sa hannu, ka sa kwanan wata."

Ya ji kunya a gaban ma'aikata, kunyar ta koma fushi. Nan take ya rubuta, ya sa hannu da ƙarfi har biro ya huda takardar. Ita kuma ta karanta, ta ninke, ta ce duk da haka ba da bakinta za a ba da wannan izini ba. Kafin sati ya ƙare an mai da ita ofishin kayan da fasinjoji suka manta, tana ƙirga lema da hular sanyi. Kujerarta aka ba wani da jam'iyya ta turo, wanda ya yi horon sati uku.

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Ta ƙasa da shi ta iya cewa "rubuta min". Shi me ya hana shi faɗa wa na sama? Bakinsa ciwo yake? A'a. Ya san amsar da zai samu, kuma ya san in ya ji ta ba zai ƙara iya yaudarar kansa ba.

Labarin ya iso ni, don tsofaffin ma'aikata ba abin da ke wuce mu. Ranar Lahadi da safe muka haɗu a layin sayen koesister, wani irin fanke mai zaƙi, a ƙofar gidan wata maƙwabciya. Na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, abin da na ji gaskiya ne?"

Ya ce, "Boeta Sedick, yayana, zamaninku daban. Sati shida ne kawai. In aka tabbatar da ni, ni da kaina zan mai da ƙa'ida, in gyara layin gaba ɗaya. In na ƙi, gobe su kawo wanda bai san komai ba. Ba gara ni ba?"

Na sha jin wannan magana a bakin mutane da yawa, kuma ban taɓa jin ta a bakin mugu ba. Mutanen kirki ne ke yin ta. Na ce masa, "Jirgi bai san sati shida ba." Ya yi murmushi, ya biya min koesister, ya tafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a sha'anin Allah shi ne jinkiri. Sati ɗaya lafiya. Sati biyu lafiya. Jirage suna isowa a kan lokaci, fasinjoji suna sa albarka, minista ya zo ya hau tarago an ɗauki hoto. Mutuminmu ya fara yarda cewa tsofaffi ne dai suka cika tsoro.

A sati na biyar, wata safiyar Talata ta hunturu, hazo ya rufe gari. Jirgin ƙarfe shida da kwata ya tsaya a kwanar bayan maƙabarta, birkinsa ya riƙe. Direban ya yi ta kira, waya ba ta shiga. A bayansa akwai wani jirgi cike maƙil, direbansa Rashaad Kamaldien, mai 'ya'ya huɗu, an riga an ba shi izinin wuce danja uku. Cikin hazon nan ya afka wa jirgin da ke tsaye. Bai yi laifin komai ba. Abin da aka ce masa ya yi.

Mutum bakwai suka rasu, har da Rashaad. Waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu ban san adadinsu ba. Biyu daga cikin gawarwakin a masallacinmu aka sallace su.

Aka kafa kwamitin bincike. Aka kira Mista Somdaka, ya zo da baƙar kwat, ya share hawaye. Ya ce shi cewa ya yi a sauƙaƙa wa talakawa, bai taɓa cewa a taɓa ƙa'ida ba, kuma shi bai ma san ana tsayawa a danja ba. Wallahi ko kalma ɗaya bai yi ƙarya ba. Aka tambayi mutuminmu ko yana da wata shaida cewa an matsa masa. Me zai nuna? Dafa kafaɗa a wajen ajiye motoci?

Sai aka miƙo takarda mai huji. Rubutunsa, sa hannunsa, kwanan wata.

Bayan zaɓe aka sauya minista, aka rushe kwamitin hukumar, aka ba Mista Somdaka wata hukumar. Mutuminmu aka kore shi, aka kai shi kotu, shari'ar ta yi ta ɗaguwa shekara bayan shekara. Waɗanda ke kiransa Kwamared suka daina ɗaukar wayarsa. Ya daina zuwa masallacinmu, don ba ya iya haɗa ido da mutane. Ya koma sallah a wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba.

Bayan shekara uku ya zo gidana. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce, "Boeta, na tuba, kullum ina tuba. Amma ba na jin an karɓa."

Ni ba malami ba ne. Na gaya masa abin da na ji daga malamai, cewa Allah yana yafe haƙƙinsa ga wanda ya so, amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe.

Sai ya nemo adireshin gidaje bakwai ɗin, ya fara bi ɗaya bayan ɗaya a motar haya. Gidan farko ni na raka shi, wajen Galiema, matar Rashaad. Ta saurare shi a tsaye, hannunta da kumfar wanki. Ta ce, "Nawa na yafe, don na gaji da ɗauka. Na yaran kuwa, ka jira su girma ka tambaye su."

A gida na biyu wani tsoho ya ba shi kujera da shayi, ya ɗauko hoton 'yarsa ya ɗora masa a cinya, ya bar shi yana kallon hoton har shayin ya huce. A na uku aka rufe masa ƙofa. A na huɗu aka ce sun tashi, ya yi wata biyu yana cigiya kafin ya same su. Duk gidan da ya shiga sai ya kwanta ciwo kafin ya iya zuwa na gaba.

Bara ya rasu. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Gida uku suka rage bai je ba.

Ya 'yan uwa, ban ba ku labarin nan don ku tsine masa ba. Na san mutanen da suka fi shi laifi suna yawo da rakiyar 'yan sanda, kuma nasu hisabin yana nan, ba a hannuna yake ba. Na ba ku ne don kowannenmu yana riƙe da wata ƙa'ida mai ban haushi da ke tsare ran wani. Makanike da birki. Nas da allura. Birkila da siminti. Mai gadi da ƙofa. Kuma kowannenmu akwai wani a samansa mai fara'a, wanda ya san abin da muke kwaɗayi.

Ran da ya dafa kafaɗarka, ka tambayi kanka: in abin ya ɓaci, gida nawa zan bi? Ina da ƙafar bin su? Ina da tabbacin kwanakin da za su ishe ni? Kujera ana rasa ta a samu wata, ko a rasa gaba ɗaya a ci gaba da rayuwa. Sisi Nomakhaya ta yi ritaya daga ofishin lema da hula, kuma tana barcinta lafiya lau.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan safiya. Allah ya tausasa zukatan gidaje ukun nan ga bawansa da bai iso ƙofarsu ba. Allah ya ba mu ƙarfin cewa a'a tun bakinmu yana da amfani, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ransu ke hannunmu. Amin.